Wutar da Ba A Kashewa

A Coronel iskar teku ba ta da haƙori,
amma ƙarfe take ci.
Falwayar ƙofar gidanmu shekara bakwai ta yi,
tsatsa ta ƙwaƙule mata gindi kamar gara.
Ran da ta faɗi, a kan shanyar kifin Ercilia ta kwanta,
unguwa ta kwana uku da kyandir.

Shi ya sa da aka ce za a kafa masana'anta
a tsohon filin jibge kwal,
na kai takarduna tun ba a haƙa tushe ba.

Na ga zuwan tukunyar.
Mota mai taya ashirin da huɗu ta ɗauko ta daga tashar jiragen ruwa,
mita goma sha uku, baki buɗe,
'yan sanda a gaba, yara a baya.
Babana Floridor ya fito da sandarsa da tarinsa,
ya dube ta, ya ce, "Akwatin gawar ƙato."
Shekara talatin ya yi a ramin kwal ƙarƙashin teku.
Duk abin da ke da zurfi, kabari yake gani.

Aka jera kwamaye kafin a kai gare ta:
na wanke maiƙo,
na asid mai lashe tsatsa,
na ɗauraya,
na ruwan gishirin da ke sa tutiya ta kama jiki,
sannan ɗakin busarwa.
Injiniya Huenchullán ta ce mu haddace abu biyu.
Ɗigon ruwa in ya faɗa narkakkiyar tutiya,
tofi take yi har rufi.
Kuma kowace falwaya a huda mata hanci:
bututun da ba ya numfashi, bam ne.

Kwana goma muna ba tukunya wuta kaɗan-kaɗan,
kamar mai ba majinyaci ruwa da cokali.
Sandunan tutiya suka yi gumi,
suka durƙusa, suka narke,
har allura ta tsaya kan ɗari huɗu da hamsin.
"Daga yau," in ji ta, "ba a kashe wannan wuta.
Ko Kirsimeti, ko yajin aiki,
ko ran da ɗayanmu ya mutu."

Dare na goma sha ɗaya, ni ke tsaro,
ƙasa ta motsa, yadda ta saba a nan.
Sarƙoƙi suka kama surutu a sama.
Tan ɗari huɗu na farin ruwa ya yi tangaɗi,
ya zo baki, ya leƙo ni,
ya koma.
Eleuterio ya ruga waje, ban ga laifinsa ba.
Ni ƙafata ce ta ƙi, kada wani ya kira shi jarumta.
Sai da fitilu suka daina lilo
na tarar ludayin kwashe toka na hannuna har yanzu.

Da safe muka tsoma ta farko.
Ƙugiya ta sauke ta a karkace, sannu,
tutiya ta tafasa, ta yi gunaguni, farin hayaƙi ya tashi,
sai tsit.
Na share tokar sama,
fuskata ta bayyana a madubi mai zafin da ba a taɓawa.
Aka ɗago ta tana zubar da hawayen azurfa,
jikinta duk zane, kamar sawun tsuntsaye a bakin ruwa.

Da ta huce na kawo Baba.
Ya shafa ta da hannun nan mai shuɗin tabon kwal,
ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne.
"Mu farare muke shiga rami, mu fito baƙaƙe.
Wannan ta juya al'amarin."
Ya ce, shekara nawa za ta yi?
Na ce hamsin, in ji injiniya.
Ya fara lissafi da yatsu, ya bari,
ya yi dariya har tari ya karɓe ta.

"To ku kai ta ƙofar Ercilia," in ji shi.
"Har yau tana bin kamfanin lantarki kuɗin kifinta."